DAGA JAKAR MASU SAURARO: Laccar Ranar Awo, Ta Mata Ce Kaɗai Ko Har Da Maigida?

Kamar yadda muka saba, ga abin da kuka ji a rediyo mun kawo muku shi a rubuce, saboda wanda bai samu kama tasha ba, da wanda ke so ya ajiye ya sake dubawa. Takardar wannan mako ta fito ne daga wani ƙauye a yankin Randagi, ƙaramar hukumar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, kuma mai ita ya roƙi a sakaya sunansa.

TAMBAYA: Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni manomi ne, shekarata guda da aure, kuma iyalina na da juna biyu wata biyar, cikin fari. Ta je awo sau ɗaya a cikin gari, ta dawo ta ce an tara su an yi musu lacca, kuma malamar asibiti ta ce wata rana ta zo da ni. Da na faɗa wa abokaina sai suka yi mini dariya, wai me namiji zai yi a taron masu ciki. Ni kuwa gaskiya tsoro nake ji, domin yayata wajen haihuwa ta rasu, da dare, kafin a kai ta bakin titi. Ita ma mai ɗakina ba ta samun barci sosai. Don Allah ku bayyana mini, me ake koyarwa a wannan lacca, kuma da gaske akwai amfanin in je?

AMSA: To Malam, Allah ya jiƙan yayarka, ya kuma sauki iyalinka lafiya. Amsar a taƙaice ita ce, e, ka je. Dalili kuwa shi ne, rabin abin da ake faɗa a wurin nan aiki ne da ke hannunka: izni, da kuɗi, da abin hawa, da mai ba da jini. Mace mai naƙuda ba ta iya tashi neman ko ɗaya daga cikinsu. Amma bari mu bi abin daki-daki.

Da farko, wannan tsoro da kake ji ba abin kunya ba ne, kuma yana da tushe. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar a 2025 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 suka rasu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa, kuma kimanin 75,000 daga cikinsu a Nijeriya ne, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai abin da ya kamata ka riƙe shi ne, akasarin abubuwan da ke kashe su sanannu ne, suna da alamu, suna kuma da magani in an isa asibiti da wuri. Ba mu buƙatar zuwa nesa neman shaida. A nan Zariya, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985. Abin da suka gano shi ne, mafi rinjayen matan da suka rasu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su ranga-ranga.

INA LACCAR TA SAMO ASALI?

Koyar da masu ciki kafin haihuwa ya daɗe. Wani likitan Ingila, Grantly Dick-Read, ya rubuta littafi a 1933 inda ya nuna cewa tsoro yana sa jikin mai naƙuda ya ɗaure, ɗaurewar kuma ta ƙara mata zafi, zafin ya sake ƙara tsoro. Ya ce in aka sanar da ita abin da zai faru tun da wuri, za a rage wannan wahala. Wani likitan Faransa kuma, Fernand Lamaze, bayan ya ziyarci Tarayyar Sobiyet a 1951, ya yaɗa dabarar koya wa mata sarrafa numfashi lokacin naƙuda. Daga nan ne a ƙasashen Turai da Amurka aka saba miji da mata su riƙa zuwa aji tare.

A wajenmu abin ya ɗauki wata siffa. Ranar awo, kafin a fara kiran kati, ungozomar asibiti kan tsaya gaban mata ta yi musu bayani, wani wurin har da waƙa da tafi. Akwai kuma sabon tsari na awon rukuni, inda ake haɗa mata kamar goma zuwa goma sha biyar waɗanda cikinsu ya yi kusan wata ɗaya, su riƙa zuwa rana guda, su zauna a da'ira, kowace ta faɗi abin da ke damunta. An gwada shi a Jihar Nasarawa da ƙasar Kenya, aka buga sakamakon a 2019, aka ga cewa a Nasarawa matan da suka bi wannan tsari sun fi komawa awo, sun kuma fi haihuwa a asibiti. Daga baya an kawo shi jihohin Kaduna da Kano.

Game da maza kuwa, ka gaya wa abokanka cewa a Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, tun shekarar 2008 akwai abin da ake kira makarantar magidanta, wadda Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tallafa. Magidanta ne masu mutunci a gari suke zama su tattauna batun awo da haihuwa, sannan su ja hankalin sauran maza. Hausawa ne kamarmu, kuma rawanin kowa bai faɗi ba.

ABIN DA AKE YI, DA ABIN DA AKE KOYARWA

A da ana cewa awo huɗu ya isa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi takwas: na farko kafin ciki ya wuce mako 12, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ka lura yadda suke matsowa kusa da juna a ƙarshe, domin a lokacin ne hawan jini ya fi kunno kai. Tunda iyalinka na wata biyar, akwai kamar zuwa shida a gabanta.

A kowane zuwa za a auna jininta. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ana sa mata ido sosai, a duba fitsarinta, domin hawan jinin masu ciki shi ke kai wa ga jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Mutane da yawa kan ɗauka iska ce, a tsaya turare da hayaƙi, alhali akwai allurar da ake yi a asibiti mai tsayar da ita. Za a ɗebi jini a ga ko tana da ƙarancinsa, a san rukuninsa, a duba ciwon hanta da tunjere da cuta mai karya garkuwar jiki, waɗanda duk ana iya kare jariri daga ɗaukarsu in an sani da wuri. Za a auna tsayin ciki da tef, a saurari bugun zuciyar ɗa, a kuma lalubi kwanciyarsa, ko kai ne a ƙasa, ko a zaune yake, ko a gicciye. In da hali a yi hoton ciki, wanda ke nuna ko tagwaye ne, da kuma inda mabiyiya ta zauna.

Sai magunguna. Akwai ƙwayar ƙarin jini da ake sha kullum. Takan sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne, kuma ba ta sa ɗa ya yi girman da zai gagari haihuwa kamar yadda ake yaɗawa. Akwai Fansida, ƙwaya uku a sha ɗaya, don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ana farawa bayan wata uku, a bar aƙalla wata guda tsakani, a sha sau uku ko fiye kafin haihuwa. Akwai allurar rigakafin sarƙe-haƙora, sau biyu a cikin fari da tazarar mako huɗu, wadda ke kare uwa da jariri. Sannan ta riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani. Kai da ke bakin daji ba sai an gaya maka yawan sauron damina ba.

To amma zuciyar laccar ita ce alamun haɗari. Muna roƙonka ka haddace su kamar yadda ka haddace iyakar gonarka:

1. Zubar jini, komai ƙanƙantarsa.
2. Ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi.
3. Kumburin fuska da hannuwa.
4. Jijjiga ko suma.
5. Zazzaɓi mai zafi.
6. Ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa.
7. Fashewar faya ba tare da naƙuda ta biyo ba.
8. Ɗa ya rage motsi ko ya daina.
9. Numfashi da ƙyar.

Ko wanne aka gani a cikinsu, ba a jiran ranar awo, ba a kuma jiran gari ya waye in akwai halin tafiya.

Ana kuma bayyana musu yadda naƙuda take, wanda shi ne maganin rashin barcin mai ɗakinka. Ciki kan yi mako 40 daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, amma ranar da aka rubuta a kati ƙiyasi ce, haihuwa na iya zuwa tun daga mako na 37. Naƙudar gaskiya ciwo ne mai zuwa ya tafi a kan tsari, yana ƙara ƙarfi yana ƙara matsowa. Ta fari takan ɗauki lokaci. Ana koya wa mace ta riƙa jan numfashi a hankali ta hanci tana fitarwa ta baki, ta yi tattaki, ta sha ruwa ko kunu, kada kuma ta fara yunƙuri sai ungozoma ta ce bakin mahaifa ya gama buɗewa. In naƙuda mai ƙarfi ta wuce awa 12 ba a sauka ba, akwai matsala. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, domin kan ɗa yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, sai dai ya ƙara ɓarna. Haka kuma a guji jiƙe-jiƙen gaggauta naƙuda, don suna iya fasa mahaifa.

INDA AIKINKA YAKE

Masana biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, sun bayyana a 1994 cewa jinkiri uku ne ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Malam, biyun farko a tsakar gidanka da bakin ƙofarka suke.

Ka fi mu sanin ƙasarku. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna ya haura kilomita 100, ta Udawa da Buruku, kuma mazaɓu kamar Randagi da Kakangi da Kuyello da Dogon Dawa kowace da nata nisan kafin a shigo gari. Shekaru da dama 'yan bindigar da suka yi sansani a dazukan Kamuku da Kuyambana sun sa tafiyar dare ta zama kasada, wasu ƙananan asibitocin ƙauye kuma ma'aikata suka ƙaurace musu. A watan Nuwamban 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da wasu daga cikinsu, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Amma ko a ranar da hanya ta fi kowace lafiya, nisa bai ragu ba, rafi kuma in ya kawo da damina ba ya sauraron kowa. Zubar jini bayan haihuwa kuwa tana iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Ka auna wannan awa biyu da tafiyar babur daga ƙofar gidanka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwa shida da za ka gama da su kafin wata na takwas ya fita.

Na ɗaya, ku tsai da inda za a haihu. Ka tambayi ungozoma ko ƙaramin asibitin mazaɓarku yana karɓar haihuwa da dare, kuma wa ke kwana a wurin. In an ce mata jininta na hawa, ko tagwaye ne, ko ɗa bai kwanta daidai ba, ko shekarunta sun yi ƙanƙanta, to wurinta babban asibitin Jibril Mai Gwari da ke cikin gari, ko wani da ake tiyata da ƙarin jini.

Na biyu, in ƙauyenku ya yi nisa, ka nema mata masauki wajen dangi a cikin gari tun daga mako na 36 ko 37, ta zauna har ta sauka. Wannan shawara ita ce mafi girma a duk abin da za mu faɗa maka yau, domin ita ke cire daji da dare daga lissafi gaba ɗaya.

Na uku, izni. Ka tara mahaifiyarka da ita da duk wanda ke gidan, ka faɗa da bakinka cewa in abu ya taso kana gona ko kasuwa, a tafi da ita, kada a jira ka. Mata da yawa sun rasu suna jiran maigida ya dawo.

Na huɗu, abin hawa. Ka yi magana da direba ko mai babur tun yanzu, ka karɓi lambar mutum biyu, saboda in ɗaya ba ya nan. A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da tsarin direbobin sa-kai masu ɗaukar mata masu naƙuda, sai ka tambaya a tasha ko akwai irinsu kusa da ku. Ka ajiye mai a galan, wayarka kuma kada ta kwana ba caji.

Na biyar, kuɗi. Ka ware wani abu, ko buhun masara ne ko akuya, ka sayar kafin lokaci, kuɗin ya kasance a hannu. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Ka tambaya ranar awo ko naku na ciki. Ko da yana ciki, mota da abinci da wasu kayayyaki suna wuyanka.

Na shida, jini. Ka san rukunin jininta, ka samu 'yan'uwa biyu ko uku lafiyayyu da suka yarda za su bayar, a gwada su tun yanzu. Wanda ya ba da leda guda, jikinsa kan mayar da ita cikin 'yan makonni.

In kana tambayar me asibiti zai yi wanda gida ba zai yi ba, ga misali. Da zarar ɗa ya faɗo ana yi wa uwa allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Kazalika wani babban bincike da aka buga a 2023, wanda aka yi a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano na cikin jagororinsa, ya nuna cewa in aka shimfiɗa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin ana gani, aka kuma haɗa magunguna a lokaci guda da zarar ya yi yawa, mummunar zubar jini kan ragu da kimanin kashi 60 cikin 100.

BATUN KUNYA DA GOYON CIKI

Mun san al'adarmu. Ana kunyar cikin fari, yarinya ba ta faɗa, ba ta kuka, wani lokaci har ta haihu ita kaɗai a ɗaki don a ce jaruma ce. Kunya ado ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka gaya mata da kanka cewa in ta ji wani abu ta faɗa, ba wanda zai ga ragwantarta.

In kuma za ta tafi goyon ciki gidansu a wata na bakwai, to katin awo ya bi ta, ta ci gaba da zuwa a can. Ka duba kuma, gidan iyayenta ya fi naka kusa da asibiti ko ya fi nisa? In ya fi nisa, sai a zauna da surukai cikin ladabi a sake shawara. Yana da kyau ƙwarai mahaifiyarta ko taka ta raka ta awo ko sau ɗaya, domin ranar haihuwa maganar tsofaffi ake ji.

Su ne kuma za su riƙe jego, don haka su ji wannan: a tsane jariri a ɗora shi a ƙirjin uwa, a ba shi nono cikin awar farko. Dakashi, watau nonon farko mai kauri, kada a matse a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. A jinkirta yi masa wanka har kwana guda. Cibiya a shafa mata maganin da asibiti ke bayarwa, ban da toka ko man goge baki ko gashi da tsumma. A karɓi alluran ranar haihuwa na tarin fuka da ciwon hanta da ɗigon shan inna. Wankan jego a yi shi da ruwa mai ɗumi wanda ba ya ƙuna, a kuma sassauta kunun kanwa, domin tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. In mai jego ta fara kumburi ko haki, a koma asibiti.

YADDA ZA KA YI RANAR

Ba dole ne ka kutsa tsakiyar mata ka zauna ba. Ka kai ta da sassafe, ka jira a waje, in an zo kanta ka nemi iznin shiga wajen ungozoma tare da ita. Ka tafi da tambayoyinka a rubuce ko a ka: yaushe ake sa ran haihuwa, jininta nawa, yaya kwanciyar ɗa, a ina kuke ba mu shawara ta haihu, me za mu tanada a jaka, wa za mu kira da dare? Ma'aikata na da aiki da yawa, wata rana za ka tarar da layi, wata rana a amsa maka a gaggauce. Ka yi haƙuri ka sake tambaya, matambayi ba ya ɓata. In kun dawo gida, ka sa ta maimaita maka abin da aka faɗa a lacca, kai ma ka faɗa mata abin da ka shirya. Sau da yawa jin cewa akwai mota, akwai kuɗi, akwai izni, shi ke sa mai ciki ta samu barci.

Ba za mu ce maka awo yana hana ƙaddara ba, rai na hannun Allah. Amma a yi addu'a a kuma ɗaure raƙumi. Abokan da suka yi maka dariya kuwa, ka ƙyale su, wata rana wajenka za su zo neman lambar direba.

Da fatan Malam ka gamsu, kuma muna jiran takardarka ta albishir bayan suna. Sauran masu sauraro da suka aiko da tambayoyi, ku ƙara haƙuri, suna nan a jaka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.